Annabawan Ƙarya da Ruɗin Ruhaniya: Tambayoyi da Amsoshi daga Littafi Mai Tsarki

Wasu daga cikin tambayoyin nan a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba aka yi mini su. Wasu kuma a ƙofar majami'a aka tare ni da su bayan an tashi sujada, da murya ƙasa-ƙasa, domin mai tambayar yana jin kunya ko tsoro. Na rubuta amsoshin tare da surori da ayoyi don kowa ya buɗe nasa Littafin ya duba da idonsa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka kada wanda ya ɗauki maganata ba tare da ya gwada ta ba.

Wane ne Littafi Mai Tsarki yake kira annabin ƙarya? Mai bautar gumaka ne?

Akwai irin wannan, kamar annabawan Ba'al 450 da Iliya ya fuskanta a Dutsen Karmel (1 Sarakuna 18). Amma su ba su da wuyar ganewa, don sunan wani allah suke kira a fili. Waɗanda Irmiya da Ezekiyel da Mika suka fi yi wa kashedi 'yan gida ne. A Haikali suke tsayawa, da sunan Ubangiji suke buɗe baki, kalmomin da annabawan gaskiya suke amfani da su, su ma da su suke amfani. A Irmiya 14:14 Allah ya ce bai aike su ba, bai umarce su ba, bai kuma yi magana da su ba, ruɗin zuciyarsu ne suke faɗa. Bulus ma da yake ban kwana da dattawan Afisa ya ce daga cikinsu ne wasu za su tashi su karkatar da gaskiya don su ja almajirai zuwa ga kansu (Ayyukan Manzanni 20:30). Saboda haka wannan magana ta cikin gida ce. Wanda ya ɗauke ta ya jefi maƙwabcinsa da ba addininsu ɗaya ba, ya kauce wa inda aka nufa da ita.

Idan mutum biyu suka tsaya, kowa yana cewa "in ji Ubangiji", yaya mai sauraro zai bambance?

Wannan ya taɓa faruwa sak, kuma Irmiya sura 28 ta ba da labarin har da watan da abin ya auku. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar na Babila ya kwashe Sarki Yekoniya da manyan Yahuza da kayayyakin Haikali. A shekara ta huɗu ta sarautar Zadakiya, wanda aka naɗa a madadin Yekoniya, a wata na biyar, Irmiya yana yawo da karkiyar itace a wuyansa, alamar cewa a sunkuya wa Babila a tsira da rai. Sai Hananiya ɗan Azzur, mutumin Gibeyon, ya miƙe a Haikali a gaban firistoci da jama'a ya ce Ubangiji ya karya karkiyar Babila, kafin shekara biyu za a komo da kayayyakin Haikali da sarki da dukan kamammu.

Ku sa kanku a cikin taron nan. Ga matar da aka tafi da mijinta, ga tsohon da aka tafi da ɗansa. Wa za su so ya zama mai gaskiya? Irmiya da kansa ya ce amin, Ubangiji ya sa haka. Amma ya ƙara da cewa annabawan da suka riga su yaƙi da yunwa da annoba suka yi ta faɗa, wanda kuwa ya yi annabcin salama, sai maganarsa ta cika za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar daga wuyan Irmiya ya karya ta a idon kowa. Irmiya ya kama hanyarsa bai ce uffan ba.

Wannan wurin yana taɓa zuciyata duk lokacin da na karanta. A ranar, duk wanda ya koma gida zai ce Hananiya ne ya yi nasara, shi ne mai ƙarfin hali, shi ne mai bangaskiya. Irmiya kuwa bai ƙago amsa don ya kare mutuncinsa ba, ya jira sai da Ubangiji ya yi magana. Da maganar ta zo, ta ce an karya ta itace, za a maye gurbinta da ta ƙarfe, Hananiya kuma zai mutu a shekarar domin ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya. A wata na bakwai ya mutu. Bayan 'yan shekaru aka ƙone Urushalima da Haikalin.

Me mai sauraro yake da shi a hannu ran nan, kafin lokaci ya raba gardama? Yana da abin da annabawan dā suka faɗa. Yana kuma iya lura cewa saƙon Hananiya babu tuba a ciki ko ɗaya. Albarka zalla ce, ba a nemi kowa ya bar zalunci ko gumaka ba. Irmiya 23:22 ta ce da a ce annabawan nan sun tsaya a majalisar Ubangiji, da sun juyo da mutane daga mugayen hanyoyinsu.

Akwai abin da ya kamata a sani game da ayar nan da ake yawan rubutawa a jikin kalanda, Irmiya 29:11, wadda take maganar shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa. Tana cikin wasiƙar da ta gaya wa kamammu su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, domin sai an yi shekara 70. An rubuta ta ne don a rushe alkawarin "nan da ɗan lokaci kaɗan" da annabawan ƙarya suke yi.

Wani annabi ya faɗa mini abin da ba wanda ya sani, kuma ya cika. Ba shi ke nan ba?

A'a. Maimaitawar Shari'a 13:1-5 ta yi maganar annabin da alamarsa ta cika daidai, amma yana jan mutane zuwa ga wani abin bauta, aka ce kada a saurare shi. A Filibi wata baiwa mai ruhun duba ta yi kwanaki tana bin su Bulus tana shelar cewa bayin Allah Maɗaukaki ne, maganarta gaskiya ce, duk da haka Bulus ya fitar da ruhun (Ayyukan Manzanni 16:16-18). Sannan a tuna cewa sanin asirin mutum ba ya bukatar wani ruhu a yau. Takardar roƙon addu'a da kika cika a ƙofa, hirar da kika yi da mai tarbar baƙi, da abin da kika ɗora a Facebook sun isa a kira sunan garinku da ciwon da ke damunki. Tambayar ita ce, bayan ya burge ki, ina ya kai ki? Ga Almasihu da tuba, ko ga dogara da shi kansa?

To, idan bai cika ba fa? Ai na Yunusa ma bai cika ba.

Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, da izgili ya faɗa, kada a ji tsoronsa. Batun Yunusa daban ne. Ya yi shelar hukunci a kan Nineba nan da kwana 40, mutanen suka tuba, Allah ya janye, kuma Irmiya 18:7-10 ta bayyana wannan ƙa'ida a sarari. Amma wanda ya ce wane zai ci zaɓe, ko wance za ta haihu kafin Kirsimeti, abin ya ƙi, sai ya ce rashin bangaskiyarku ne ko ba ku cika baiko ba, wannan ya ɗora muku nauyin ƙaryarsa ne. Mutumin kirki yana iya kuskure. Annabi Natan ya ce wa Dawuda ya je ya gina Haikali, a daren Allah ya gyara masa, ya koma ya faɗi gyaran (2 Sama'ila 7). Wanda bai taɓa fitowa ya ce "na yi kuskure" ba, a yi nesa da shi.

Amma da sunan Yesu yake warkarwa.

Matiyu 7:21-23 ta amsa wannan. Masu cewa sun yi annabci da sunansa, sun fitar da aljanu, sun yi mu'ujizai masu yawa, Yesu ya ce zai gaya musu bai taɓa saninsu ba. Kafin nan ya ce suna zuwa da fatar tumaki alhali a ciki kyarketai ne, kuma da 'ya'yansu za a gane su. 'Ya'yan itace ba rana ɗaya suke nuna ba. Ba a kan dandamali ake ganinsu ba, sai a gida: yadda yake da matarsa, yadda yake da 'yan mata masu zuwa neman addu'a, ko yana biyan ma'aikatansa, ko akwai wanda ya isa ya tambaye shi lissafin kuɗin ikilisiya.

Na roƙe ku da babbar murya a kan abu guda. Duk wanda ya ce ku zubar da maganin hawan jini ko na ciwon sukari ko na ƙanjamau don nuna bangaskiya, kada ku yarda. Ishaya da ya kawo wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, shi ne ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Yesu ya aiki kutare su nuna kansu ga firistoci, wato a tabbatar. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwajin asibiti.

Laifi ne bawan Allah ya karɓi kuɗi? Man shafewa da ruwan albarka da ake sayarwa fa?

Ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma 1 Korantiyawa 9:14 ta ce masu shelar bishara su ci daga bishara. Fastocinmu da yawa a karkara albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, sai sun haɗa da noma, ikilisiyar da ta bar su haka ita ce da laifi. Abin da aka haramta shi ne a sa wa baiwar Allah farashi. Mika 3:5 ya zana hoton annabawan da suke shelar salama ga wanda ya sa musu abinci a baki, wanda bai ba su ba kuwa su ɗaura masa yaƙi. Na'aman, wanda aka warkar da shi daga kuturta, ya zo da azurfa da zinariya, Elisha ya rantse ba zai karɓi kome ba, Gehazi baran Elisha ya bi Na'aman a baya ya karɓo, ya ƙare da kuturta (2 Sarakuna 5). Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi a Samariya don ya sayi iko, Bitrus ya ce ya hallaka tare da kuɗinsa. Bal'amu kuwa har Sabon Alkawari ana ambatonsa saboda son ladan mugunta.

Game da mai, Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Ba a ce kwalba kaza naira kaza ba, ba a kuma ce ikon yana cikin kwalbar ba. Ezekiyel 13:18-19 ta la'anci matan da suke ɗinka kambuna suna ɗaura wa mutane a hannu don tafin sha'ir da gutsuren gurasa. Idan kakanninmu sun kwance guru da laya ranar baftisma, mu kuma muka ɗaura zare ko hoton wani a wuya da irin dogarar da suka yi, sunan abin ne kawai ya canja. Tun ƙarni na farko ko farkon na biyu, wani rubutun koyarwar ikilisiya da ake kira Didake ya ce manzon da ya sauka a gari ya kwana uku, ko ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne.

An ce "kada ku taɓa shafaffena", an kuma ce kada mu yi hukunci. Ba zunubi nake yi ba idan na yi tambaya?

Ku buɗe Zabura 105 ku karanta daga aya 8 zuwa 15. Ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne sa'ad da suke baƙi 'yan kaɗan, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ayar kariya ce ga marasa ƙarfi. Dawuda ya ƙi kashe Saul a kogo domin shafaffe ne, amma da ya fito ya gaya masa laifinsa a gaban mutanensa. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Mutanen Biriya kuwa an yabe su domin kowace rana suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan an gwada Bulus, wane ne ya fi ƙarfin gwaji? Kuma surar da ta ce kada a yi hukunci, Matiyu 7, ita ce ta ce a yi hankali da annabawan ƙarya.

Wani annabi ya ce surukata ce take cin 'ya'yana. Me zan yi?

Wannan tambayar ta fi kowacce yi mini nauyi, domin na ga ƙarshenta da idona. Wasu ma'aurata da na sani sun binne yara biyu, na uku kuma yana yawan kwanciya, gaɓoɓinsa suna kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Aka kai matar wani gidan addu'a. Aka ce mata tsohuwar da ke gidan ce. Ta sayar da keken ɗinkinta ta biya kuɗin kwana bakwai na addu'a. Ranar da na je gidan, na iske tsohuwar a zaure a kan tabarma, an ɗaure mata kayanta a zane, kwanon tuwon jiya yana gefenta ba ta taɓa ba. Na gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ni da na goya ubansu, ni zan ci su?" Aka mayar da ita ƙauye. Bayan watanni aka yi wa yaron gwajin jini a asibiti, aka ga sikila ce, uwa da uba dukansu AS ne. Kafin ɗanta ya je ya ba ta haƙuri ta riga mu gidan gaskiya.

Ezekiyel 13:22 ta ce sun ɓata zuciyar adali da ƙarya, wanda Allah bai ɓata wa rai ba. Shari'ar Musa ba ta yarda a kama mutum da laifi ba sai da shaidu biyu ko uku (Maimaitawar Shari'a 19:15), mafarkin wani kuwa ba shaida ba ne. Da almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Ku duba Linjila huɗu, ba inda Yesu ya nuna wata tsohuwa ko wani yaro ya ce ga mai maitar gidanku. 'Yar'uwata, ki kai yaran asibiti a gwada jininsu, ki kira dattawa su yi addu'a, ki kuma ci gaba da kai wa surukarki abinci.

Dubban mutane suna binsa. Duk sun ɓata ke nan?

Sarki Ahab ya tara annabawa wajen 400 kafin yaƙin Ramot Gileyad, duka suka ce ya tafi zai ci nasara. Ɗaya daga cikinsu, Zadakiya ɗan Kena'ana, har ƙahonin ƙarfe ya ƙera. Ɗan aiken da ya je kiran annabi Mikaiya ya ba shi shawara ya daidaita bakinsa da na sauran. Mikaiya ya faɗi gaskiya, ya sha mari, aka jefa shi kurkuku. Ahab ya ɓad da kama ya shiga yaƙi, kibiyar da aka harba ba da saiti ba ta same shi, ya mutu da yamma (1 Sarakuna 22). Yawan jama'a shaida ce ta abin da jama'a suke so su ji.

Me ya sa har masu ilimi suke faɗawa?

Domin ba jahilci ne ƙofar ba, ciwo ne. Shekara goma ba haihuwa, digiri a akwati ba aiki, gonar da aka gudu aka bari saboda 'yan bindiga. Mai irin wannan nauyi ba ya bukatar a yi masa dariya. Amma Littafi bai wanke mu sarai ba. Irmiya 5:31 ta ce annabawa suna annabcin ƙarya, jama'ata kuwa haka suke so. A Ishaya 30:10 mutane ne da kansu suke roƙo a faɗa musu masu daɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu shugabannin ikilisiya ma da namu kason: macen da ta zo da kuka muka sallame ta da aya ɗaya a tsaye, za ta tafi inda za a zauna a saurare ta, ko da za a tatse ta.

Ezekiyel ya kwatanta aikin annabawan ƙarya da katangar da aka gina ba ƙwari aka shafe ta da farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san irinta. Da rani ta fi kowace kyau a unguwa, ruwan Agusta ne yake tona ta, kuma a kan masu barci a gindinta take faɗuwa.

Masu sa ranar tashin duniya fa?

Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar (Matiyu 24:36). Mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, duka suka wuce. Wani lokaci abin ba ya tsayawa a kunya. A Jonestown ta ƙasar Guyana mutum fiye da 900 suka mutu a 1978 a ƙarƙashin Jim Jones. A Kanungu ta Uganda, ranar 17 ga Maris 2000, ɗaruruwa suka ƙone a ɗakin sujada bayan ranar da shugabanninsu suka sa ta wuce. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023 an tono gawa fiye da 400, yawancinsu na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, da yara a cikinsu. A duka wuraren nan ukun an fara ne da raba mutane da danginsu.

Shari'ar Musa ta ce a kashe annabin ƙarya. Mu fa?

Ba a ba ikilisiya takobi ba. Da Yakubu da Yahaya suka so kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariya, Yesu ya tsawata musu. Abin da aka umarce mu shi ne mu gwada, mu faɗakar, mu rabu da mai raba tsakani bayan gargaɗi na ɗaya da na biyu (Titus 3:10). Idan akwai zamba ko fyaɗe ko dukan yara, wannan laifi ne a dokar ƙasa, a kai wa hukuma, kada a rufe da sunan kare mutuncin ikilisiya.

Ke nan mu ƙi duk wani annabci?

A'a. 1 Tasalonikawa 5:19-21 ta haɗa su wuri ɗaya: kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, a gwada kome, a riƙe mai kyau.

Ƙanena ya shiga irin wannan wuri, ba ya jin maganar kowa. Yaya zan yi?

Kada ka zagi mutumin da yake bi, domin an riga an gaya masa cewa danginsa za su tashi gāba da shi, zaginka zai zama cikar annabci a idonsa. Kada kuma ka yanke zumunci, abin da ake so ke nan. Ka riƙa kiransa, ka je sunan ɗansa, ka kai masa hatsi idan an yi girbi. Idan kun zauna, ka yi tambaya maimakon gardama: abin da aka ce zai faru bara, ya faru? Wa yake duba kuɗin da ake tarawa? Wanda ya bar wurin, me ake cewa a kansa? Ka roƙe shi ku karanta Irmiya 28 tare, shi ya karanta da bakinsa, kai ka yi shiru. Takardun gona da na gida na gādo kuwa a ajiye su a hannun wani babba a dangi tun yanzu. Wasiƙar Yahuza aya 22 da 23 ta ce a ji tausayin masu shakka, a fizgo wasu daga wuta. Ranar da ya dawo, wataƙila ba ko sisi a aljihunsa kuma kunya ta hana shi ɗaga kai, kada kowa a gidan ya ce masa "ai mun faɗa maka". A shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da tuwo.